Yadda Ake Gano Ko Kamfanin Lantarki Ya Sa Hukumar Jiha a Aljihunsa

Duk sana'ar da mai saye zai iya juya wa baya tana da linzami, domin idan mai shago ya tsawwala farashi sai ka tsallaka titi ka saya a wajen maƙwabcinsa. Kamfanin rarraba wutar lantarki ba shi da wannan linzamin. Waya ɗaya ce ke shigowa gidanka, kuma ba wanda zai kafa wasu turaku a layinku don ya yi gasa da ita. Wannan ne ya sa tun daga 1907, lokacin da jihohin Wisconsin da New York suka buɗe hanya, jihohin Amurka suka riƙa kafa hukumomin da ke yanke wa irin waɗannan kamfanoni farashin da za su sayar da ribar da za su ci. Ba dole aka yi wa kamfanonin ba. Samuel Insull, shugaban kamfanin lantarkin birnin Chicago, shi ne ya shawarci takwarorinsa tun 1898 da su rungumi sa idon gwamnati, su kuma a bar musu kasuwa babu kishiya. Ke nan tun daga tushe kamfani ya san cewa arzikinsa yana hannun wasu 'yan tsirarun kwamishinoni, galibi uku ko biyar, da ke zaune a wani ofishi wanda yawancin masu biyan kuɗin wuta ba su san ƙofarsa ba.

Misalan da za a kawo a nan duk na Amurka ne, saboda a can ne kotuna suka baje kolin irin wannan cuwa-cuwa da takardu da ranaku. Amma batun ya fara shafar Najeriya kai tsaye, domin gyaran tsarin mulki na watan Maris na 2023 da dokar lantarki da aka sa wa hannu a watan Yunin shekarar sun ba jihohi ikon kafa nasu hukumomin. Enugu da Ekiti da Ondo suka fara karɓar ragama daga hukumar kula da lantarki ta tarayya, NERC, a 2024, daga baya Kogi da Neja da Filato da wasu suka biyo baya. Ɗan jarida ko ɗan ƙungiyar masu amfani da wuta da ke son ya san ko hukumar jiharsa tana tsaye da ƙafafunta, ga inda ya kamata ya duba.

Fara da lissafin, kafin ka nemi ɓarawo

Wanda bai san yadda ake haɗa farashin wuta ba zai ɓata lokacinsa yana neman ambulan ɗin kuɗi, alhali cinikin yana rubuce a cikin takardun da hukuma ta wallafa da kanta. Tsarin ba shi da wuya. Hukuma tana tara kuɗin gudanarwa na kamfani, wato albashi da gyare-gyare da kuɗin sayen wutar, sannan ta ƙiyasta darajar jarin da ya zuba a turaku da wayoyi da taransifoma da tashoshi, ta yanke masa ribar kaso kaza a kan wannan jarin, sai ta raba jimlar a kan masu amfani da wuta. A Amurka ribar da ake yanke wa masu hannun jari ta daɗe tana yawo tsakanin kashi 9 zuwa 10 cikin ɗari.

Ɗauki kamfanin da aka amince jarinsa ya kai dala biliyan 10, rabinsa na masu hannun jari ne, rabinsa bashi. Idan hukuma ta ƙara masa kashi 1 kacal a kan ribar, ya sami ƙarin dala miliyan 50 a kowace shekara ba tare da ya ja waya ko da taku ɗaya ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa kashe 'yan miliyoyi a kan siyasa yake da arha a wajen kamfani, kuma shi ne ya kamata ya nuna maka lambobin da za ka sa wa ido: girman jarin da aka amince da shi, kason ribar, da abubuwan da aka cusa cikin kuɗin gudanarwa. A tsarin Najeriya akwai ƙari, domin farashin yana ɗauke da canjin dala da hauhawar farashi da kuɗin iskar gas, da kuma kason asarar wuta da na kuɗin da ba a iya karɓowa wanda aka yarda kamfani ya ɗora wa masu biya. Duk hukumar da ta karɓi alƙaluman kamfani a kan waɗannan ba tare da ta tura nata masu binciken ba, ta riga ta bar wa kura ajiyar nama, ko da ba wanda ya ci sisin kwabo.

Jera ranaku a takarda ɗaya

Wannan shi ne aikin da ya fi kowanne amfani, kuma ba ya bukatar komai sai haƙuri. Ja layi uku: ɗaya na ranakun da kuɗi ya fita daga kamfani, ɗaya na ranakun naɗe-naɗe da zaɓuɓɓuka, ɗaya na ranakun da aka zartar da doka ko hukunci. Kowane layi shi kaɗai ba ya cewa komai. Sai an ajiye su kafaɗa da kafaɗa suke magana.

Jihar Ohio ce ta fi kowace bayyana wannan. A 2017 kamfanin lantarki na FirstEnergy yana da tashoshin nukiliya biyu a jihar, Davis-Besse da Perry, waɗanda suka kasa gogayya da wutar iskar gas mai arha, kuma yana neman a ɗora wa jama'a nauyin ceto su. A watan Janairun 2017 ɗan majalisar jiha Larry Householder ya hau jirgin kamfanin zuwa birnin Washington. Daga watan Maris na shekarar kuɗi ya fara kwarara zuwa wata ƙungiya mai suna Generation Now, wadda a takarda ta jin daɗin jama'a ce, a zahiri kuma Householder ne ke juya ta, har jimlar ta kai kimanin dala miliyan 60 cikin shekara uku. Da wannan kuɗin aka tallafa wa 'yan takarar da za su mara masa baya a zaɓen 2018, ya zama kakakin majalisa a Janairun 2019, aka gabatar da ƙudirin ceton a watan Afrilu, gwamna Mike DeWine ya sa masa hannu ranar 23 ga Yuli. Dokar, wadda aka fi sani da HB6, ta tanadi kimanin dala miliyan 150 a shekara ga tashoshin biyu, amma a takardar kuɗin wuta ta magidanci abin da zai bayyana senti 85 ne kawai a wata. Nan dabarar take, domin ba wanda zai bar sana'arsa ya fita zanga-zanga a kan senti 85.

Yanzu ɗora layin hukumar a kan wannan. A ranar 2 ga Janairun 2019 kamfanin ya biya dala miliyan 4.3 ga wani ƙaramin kamfanin ba da shawara mallakin lauya Sam Randazzo. Bayan wata ɗaya gwamna ya sanar da Randazzo a matsayin shugaban hukumar PUCO, wato ita hukumar da ke yanke wa FirstEnergy farashi. A cikin yarjejeniyar jingine tuhuma da kamfanin ya ƙulla da gwamnatin tarayya a watan Yulin 2021, inda ya amince da tarar dala miliyan 230, ya amsa da bakinsa cewa ya biya kuɗin ne domin mutumin ya yi masa aiki daga kan kujerar. Randazzo ya musanta tuhumar, kuma ya rasu a watan Afrilun 2024 kafin a yi shari'arsa. Shi kuwa Householder, wanda hukumar FBI ta kama a watan Yulin 2020, kotu ta ɗaure shi shekara 20 a 2023.

Abin takaici a nan shi ne, alaƙar Randazzo da kamfanin ba sabuwa ba ce, domin kuɗin da kamfanonin lauyan suka karɓa daga 2010 zuwa 2019 ya kai kimanin dala miliyan 22, alhali a idon jama'a shi lauyan manyan masana'antu ne da ke jayayya da kamfanin a kan farashi. Saboda haka idan za a naɗa kwamishina a jiharka, kada ka tsaya a kan takardun karatunsa da muƙaman da ya riƙe. Tambayi wa ya biya shi a shekaru goman da suka wuce, da sunansa ko da sunan wani kamfani da yake da hannu a ciki, ka kuma tambayi wa ya kawo sunansa teburin gwamna. A Najeriya rajistar Hukumar Rajistar Kamfanoni, wadda tun 2023 take nuna masu iko na haƙiƙa a kamfani, wuri ne mai kyau na farawa. Haka nan ka bi sawun tsofaffin kwamishinoni, ka ga inda suka sami aiki bayan sun sauka, domin wani lokaci ladan yana zuwa ne daga baya.

Karanta abin da aka daina nema

Mutane sukan zuba ido a kan ƙarin farashi, amma hukumar da aka saye ta fi yin aikinta ta hanyar yin shiru. Babban zaman bitar farashi shi ne lokacin da kamfani yake buɗe dukkan littattafansa, lauyoyin masu amfani da wuta su yi masa tambayoyi, kuma idan ribarsa ta zarce ƙa'ida a rage masa. An shar'anta wa FirstEnergy ya zo irin wannan zama a 2024, kuma shugabanninsa suna fargabar cewa zaman zai kai ga rage farashi. A watan Nuwamban 2019 hukumar, ƙarƙashin Randazzo, ta cire wannan sharaɗin a cikin wani hukunci da kusan ba wanda ya karanta. Ba a ƙara wa kowa ko senti ɗaya a ranar ba, amma an rufe littafin da ya kamata a buɗe.

Sai kuma 'yan ƙananan caje-cajen da ake maƙalawa a gefen farashi, kowanne da suna mai daɗin ji. A 2016 hukumar ta amince wa kamfanin da cajin da aka ce na zamanantar da layukan rarraba wuta ne, ba tare da sharaɗin cewa lallai a kan layukan za a kashe shi ba. Kotun ƙolin jihar ta soke cajin a watan Yunin 2019, bayan an karɓi sama da dala miliyan 450, kuma ba a mayar wa jama'a kuɗin ba, saboda wani tsohon hukunci na 1957 da ya hana mayar da abin da aka riga aka karɓa bisa amincewar hukuma. Darasin a aikace shi ne ka duba kowane sabon caji da tambayoyi uku: me aka ce za a yi da shi, wa zai tabbatar an yi, kuma shin an rubuta cewa za a mayar da shi idan kotu ta rushe shi. Idan ba a rubuta sharaɗin mayarwa ba, cin nasara a kotu ihu ne bayan hari.

Ita kanta dokar HB6 tana da wani sashe da ya lamunce wa kamfanin kuɗin shiga daidai da na 2018, shekarar da aka sha zafi aka kuma sha wuta sosai, ko da jama'a sun rage amfani da wutar daga baya. Duk inda ka ga an zaɓi wata shekara a matsayin ma'auni, tambayi dalilin da ya sa ita aka zaɓa. Irin wannan tambayar ce ta dace da rukunin Band A a Najeriya, inda a watan Afrilun 2024 aka kai farashi naira 225 kan kowane yunit (kilowat ɗaya na tsawon sa'a ɗaya) bisa alkawarin wutar sa'o'i 20 a rana: nemi hukuma ta nuna maka bayanan sa'o'in da kowane layi ya samu, kuma ta faɗa maka ko ita ta auna ko kamfani ne ya aiko mata.

Cin hancin da ba ya kama da cin hanci

A jihar Illinois ba a kai wa kowa jakar kuɗi ba. Kamfanin ComEd ya amsa a watan Yulin 2020 cewa ya shafe shekaru yana ba na hannun daman kakakin majalisa Michael Madigan ayyuka da ƙananan kwangiloli, kimanin dala miliyan 1.3, alhali kusan ba aikin da suka yi, kuma an bi da kuɗin ta hannun wasu 'yan kamun ƙafa domin kada sunayensu su fito a littafin albashi. An ware wa 'yan mazaɓarsa guraben koyon aiki, an kuma ba wani da ya nuna kujera a majalisar daraktocin kamfanin. A cikin wannan zamanin ne majalisa ta zartar da dokar 2011, duk da ƙin amincewar gwamna Pat Quinn, wadda ta mayar da yanke farashi wani lissafi mai tafiya da kansa kowace shekara, ta kuma rage wa hukumar jihar ƙarfin cewa a'a. Kamfanin ya biya tarar dala miliyan 200, kuma a 2025 aka yanke wa Madigan ɗaurin shekara bakwai da rabi.

Mai karatu ɗan Najeriya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan takardar alfarma da ake aikawa a ɗauki ɗan wane aiki. Abin da ya kamata ya lura da shi a misalin Illinois shi ne, ba lallai sai an sayi kwamishina ba. Ana iya zagaye shi ta majalisa, a rubuta doka da za ta ɗaure masa hannu, ko a matse kasafin hukumar har ta kasa ɗaukar akanta da injiniyan da za su iya ja da na kamfani. Don haka jerin 'yan kwangilar kamfani, da jerin gudummawar da yake bayarwa ga gidauniyoyi da bukukuwa, da kasafin ita hukumar, duk takardun bincike ne. A Najeriya, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumomin gwamnati kwana bakwai su amsa, kuma ko ƙin amsawar ma abin rubutawa ne a layin ranakunka.

Akwai masu ganin cewa a bar jama'a su zaɓi kwamishinoni da kansu shi ne maganin abin. Kusan jihohi goma a Amurka haka suke yi, kuma Arizona na cikinsu. A 2019 uwar kamfanin lantarki na APS ta bayyana cewa a zaɓen 2014 ta kashe sama da dala miliyan 10 a ɓoye, ta hannun wasu ƙungiyoyi, a kan takarar kujerun hukumar da ke yanke mata farashi, bayan shekaru tana ƙin cewa uffan. Zaɓe ya sauya ƙofar da kuɗin ke bi ne kawai.

Je zauren jin ra'ayin jama'a, ka kalli mutanen

A birnin New Orleans, inda majalisar birni ce ke sa ido a kan kamfanin Entergy, an yi zaman jin bahasi a 2017 da 2018 kan gina sabuwar tashar iskar gas. Zauren ya cika da mutane sanye da riguna ruwan lemo iri ɗaya, suna tafi idan an soki wutar hasken rana da ta ƙarfin iska, har wasu mazauna unguwar da abin ya shafa suka rasa wurin zama. Daga baya ta bayyana cewa da yawansu 'yan wasan kwaikwayo ne da wani ɗan kwangila ya ɗauko, dala 60 ga wanda ya zauna kawai, dala 200 ga wanda ya tashi ya karanta jawabin da aka rubuta masa. Masu binciken da majalisar ta naɗa sun ce kamfanin ya sani ko ya kamata ya sani, aka ci shi tarar dala miliyan 5, amma tashar an gina ta.

Idan ka je irin wannan zama, karɓi kwafin rajistar mahalarta, ka saurari ko jimloli iri ɗaya suna fitowa daga bakuna daban-daban, ka tambayi mai magana a wace unguwa yake da kuma nawa ya biya a watan jiya. Duk ƙungiyar da ta ɓullo mako biyu kafin zaman, da suna mai ɗauke da kalmar talakawa ko masu kishin ƙasa, kuma da kuɗin sayen shafi guda a jarida, nemi wanda ya yi mata rajista. A Ohio, lokacin da wasu suka fara tara sa hannun jama'a don a kai HB6 ƙuri'ar raba gardama, an cika talabijin da tallace-tallacen da ke cewa gwamnatin ƙasar Sin ce ke neman mamaye layukan wutar jihar, an ɗauki hayar mutane suna tare masu tara sa hannun, kuma tsohon shugaban jam'iyyar Republican na jihar, Matt Borges, ya ba wani ma'aikacin yunƙurin dala 15,000 domin ya riƙa tsegunta masa bayanan ciki. Yunƙurin ya mutu ba tare da an kai ga ƙuri'a ba, shi kuma Borges ya sami ɗaurin shekara biyar.

A nan ya kamata mai bincike ya riƙe harshensa. Ba kowane ƙarin farashi ne shaidar cin hanci ba, domin taransifoma da waya da iskar gas duk da kuɗi ake sayensu, kuma hukumar da ta danne farashi ƙasa da abin da aikin ke ci don faranta wa gwamna ita ma siyasa ce ta kama ta, ta wata fuskar. Rubuta abin da takarda ta nuna, ka ajiye ranakun kusa da juna, ka ba kamfani da hukuma damar amsawa, ka bar kalmar rashawa har sai shaida ta kai ka can.

Kada ka rufe fayil ranar da aka yanke hukunci

Tambaya ta gaba ita ce wa ya biya kuɗin kamun ƙafar. Sau da yawa kamfani yakan cusa kuɗin lauyoyinsa da na tallace-tallace da na ƙungiyoyin da yake ciki cikin kuɗin gudanarwa, ta yadda mai biyan kuɗin wuta shi ne ke ɗaukar nauyin yaƙin da ake yi da aljihunsa. Jihohin Colorado da Connecticut da Maine sun yi dokoki a 2023 da suka hana hakan, kuma jihar da ke rubuta dokar lantarkinta yanzu tana da damar sa irin wannan sashe tun kafin a saba da akasinsa, tare da tanadin wani ofishi mai zaman kansa da zai tsaya wa masu amfani da wuta a gaban hukuma, kamar wanda Ohio ta kafa tun 1976.

Bayan haka sai ka ɗauki dokar ko hukuncin da aka saya, ka bi shi sashe bayan sashe, ka ga wanne aka soke, wanne aka bari. Majalisar Ohio ta janye tallafin tashoshin nukiliya a watan Maris na 2021, jaridu suka ba da labarin kamar an gama. Amma a cikin HB6 akwai wani tallafin na wasu tsofaffin tashoshin kwal guda biyu da aka gina tun shekarun 1950, wanda ke iya kai wa dala 1.50 a wata a kan kowane gida, kuma jama'ar jihar sun ci gaba da biyansa har 2025, shekara biyu bayan an kai Householder kurkuku. Ɗaya daga cikin tashoshin, Clifty Creek, ba ma a Ohio take ba, tana jihar Indiana.